Ranar da Aka Saki Ruwa a Rafin Yumɓu

Masu karatu, ku yi haƙuri da ni, yau sai na fara tona asirin kaina kafin in shiga labari. Shekarata ashirin da bakwai, ina aikin zanen taswira a ofishin magudanan ruwa, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da ɗaurin ɗankwali mai saukowa har ya rufe kunnuwa. Ƙawayena suna cewa yayi na ƙirƙiro. Ba yayi ba ne. A bayan kunnena na dama akwai na'urar ji, 'yar ƙarama, launin ƙasa, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Na hagu kuwa ya daɗe da yin ritaya, ko ganga aka buga masa babu ruwansa. Zazzaɓi ne ya tafi da su ina 'yar shekara tara. In da na'urar, a ɗakin da babu hayaniya, ina kallon bakin mutum, sai mu yi hirar awa biyu bai gane komai ba. In babu ita, baki kawai nake gani yana motsi.

Mutum biyu sun taɓa neman aurena, kuma duk na faɗa musu gaskiya. Na farko ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa, har yau yana can yana shawarar. Na biyu ya fi shi kirki, ya turo min doguwar addu'ar samun lafiya sannan ya sauya lamba. Don haka ranar da Mai Kemis ya fara sallama a gidanmu, Umma ta ja ni ɗakinta ta turo ƙofa, ta zaunar da ni a bakin gado, ta juyo da fuskarta saitin tawa yadda ta saba.

"Wannan karon ki kama bakinki."

"Umma, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"To ki bari ranar wankan ta zo. In ya zauna da ke ya san halinki, kunne ba zai raba ku ba. In kuwa kika faɗa yanzu, danginsa za su raba ku tun bai san ki ba. Sau biyu ina kallo kina kuka a kan katifar nan. Ba zan iya na uku ba."

Kada ku zagi Ummata. Da hannunta ta sayar da sarƙarta aka saya min na'urar farko. Tsoro ne kawai ya yi mata yawa, ni ma kuma ya yi min, shi ya sa na ce to.

Mai Kemis dogo ne, mai sanyin magana, kullum da farar rigar aiki da biro uku a aljihu. Kantinsa yana bakin titinmu, kuma a cikin gilashin da ke gaban teburinsa har da irin batirin na'urata, jere a kati. Ni kuwa sai in hau mota biyu in je wani kantin can ƙarshen gari in sayo. In ya zo falonmu ba ni da matsala: in kashe fanka in ce sanyi nake ji, in zauna inda hasken taga zai faɗo a fuskarsa. Matsalata waya ce. Na ce masa Abba ba ya son ana kiran 'ya'yansa mata. Sai bawan Allah ya koma saƙon murya, wai rubutu ba shi da rai. A waya kuwa babu leɓe, cikin kalma huɗu da ƙyar nake tsintar ɗaya.

Nan Yaya ta shigo. Yayata tela ce, kekenta yana ɗakin gaba. Kullum in na dawo aiki da la'asar sai in miƙa mata wayar, ta ɗaga ƙafa daga keke, ta sa abin sauraro a kunne, ta riƙa faɗa min ina rubuta amsa.

"Ya ce ya ga wata atamfa ruwan goro ta tuna masa da ke. Ya ce kin ci abinci? Kai, wannan mutum da tambayar abinci kamar mai gidan marayu."

Da farko dariya muke yi har da riƙe ciki. Amma a wata na huɗu wani saƙo ya shigo mai minti tara. Yaya ta fara sauraro da murmushi, sai na ga murmushin ya gushe, ta ajiye almakashi. Da ya ƙare ta cire abin sauraron daga kunne.

"Maganar mahaifinsa ce. Jinyarsa ta ƙarshe. Ya ce akwai ranar da ya gaji ya yi masa tsawa, washegari kuma aka wayi gari babu shi. Kuka yake yi." Ta ɗago ta kalle ni. "Ya ce duk duniya ke kaɗai ya taɓa faɗa wa."

Na zauna na tsara masa amsa mai taushi. Ya ce amsar ta sauke masa dutse daga ƙirji. Ni kuwa tun daga ranar dutsen ya dawo nawa ƙirjin.

Ana cikin haka shugabana a ofis ya ajiye min wata naɗaɗɗiyar taswira a tebur. Wai wata ƙungiyar masu buƙata ta musamman tana aikin fasaha a kan tsohon rafin da ya ratsa gari, wanda aka rufe da siminti aka mai da shi kwalbati, sun nemi a ba su taswirarsa. In kai musu, in amsa tambayoyinsu, in dawo. Na tafi ina tunanin zan tarar da mutane suna liƙa takarda mai launi a kwali ana tafa musu. Allah ya yafe min.

Tsohon sito ne a bayan kasuwa, mai rufin kwano da tagogi can sama. Ina tura ƙofa na tsaya cak. Daga bangon nan zuwa wancan, a kan tebura da aka jona, tsayin ƙugu, rafi ne kwance. Na yumɓu. Tsawonsa ya fi taku arba'in. Yana lanƙwasa, yana tsukewa, yana buɗewa, ga gaɓa, ga duwatsu, ga matakalar da ake sauka wanki, ga saiwoyin bishiya sun kutsa cikin ruwa, kowace saiwa da kaurinta. Mutum kusan ashirin ne a kansa. Wata mata marar hannaye tana zana ganye da tsinke a yatsun ƙafarta, ta ɗora ƙafar a tebur kamar ba komai ba. Wasu samari biyu kurame suna musu da hannu, yumɓu na fantsama. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Wani mutum mai faɗin kafaɗa ya gangaro a keken guragu, da sifana a cinya da tiyo a wuya. Sarkin Famfo suke ce masa, don shi zai sa ruwa ya gudana a rafin. Ya nuna min wani farantin silba a kan kujera a bakin ƙofa. Na leƙa. Na'urorin ji ne a ciki, guda shida, kowace a kan 'yar takarda da alamar mai ita.

"In da waya ko wani abin da ba ya son ruwa, a nan ake ajiyewa," in ji shi. "Muna fesa wa yumɓu ruwa kullum."

"Ba ni da komai," na ce, na ƙara jan ɗankwalina ƙasa.

Ya kai ni wurin shugabar aikin. Tsohuwa ce ƙarama, makauniya, hannunta duk jijiya, kowa Iya yake ce mata. Shekara arba'in tana ɗibar yumɓu a gaɓar rafin nan tana gina tukwane kafin idonta ya tafi. Na shimfiɗa taswirata cikin ji da kai, na riƙa karanta mata: daga nan ya miƙe mita ɗari uku, ya bi ƙarƙashin babban titi.

"Wa ya zana?" ta tambaya.

"Ofishinmu, Iya."

"To ki gaishe su. Ki ce musu ruwa bai karanta takardarsu ba. Ba ya bin babban titi. Ta ƙarƙashin tashar mota yake bi."

Na yi dariyar ladabi. Ta ce gobe da safe in zo da takalmin da ba na jin tausayinsa.

Washegari muka fita, ita a gaba da sandarta, ni a gefe da taswira, samarin nan biyu kurame a baya. Muka kutsa tashar mota, cikin hon da ihun masu lodi. A irin wurin nan na'urata ba ta da amfani, komai ya zama tafasar tukunya. Iya kuwa tafiya take tana buga sanda a ƙasa, ta tsaya, ta karkata kai, ta yi gaba. A bayan rumfar masu faci ta buga sau uku, ta nuna ƙasa. Wani murfin ƙarfe ne da ƙasa ta kusa binnewa, baƙin mai ya rufe shi. Ba ya cikin taswirata.

Samarin suka tuɓe takalma suka hau kai. Na ga fuskar ɗayan ta buɗe kamar an ba shi kyauta. Ya yafito ni, ya nuna tafin hannuna, ya nuna ƙarfen. Na duba doguwar rigata mai ruwan toka, na duba baƙin man, na durƙusa.

Jama'a, yana nan. Yana da rai. Wani kaɗawa ne siriri, ba ya yankewa, ya shigo ta tafin hannuna ya hau har gwiwar hannu. Ba irin girgizar mota ba ce mai zuwa ta wuce. Wannan tafiya yake yi, kuma na gane inda ya nufa. Shekara biyar ina zana layinsa da shuɗin alƙalami, ban taɓa tunanin wani abu ne mai motsi ba. Motoci na bi ta kansa, mutane na ciniki a kansa, shi kuwa yana ta tafiyarsa a cikin duhu, bai fasa ba ko na yini ɗaya. Ban san na fara hawaye ba sai da ya ɗiga a kan ƙarfen.

Daga ranar na zama 'yar gida. In an tashi daga ofis sai sito. Ina cuɗa yumɓu, ina riƙe wa Sarkin Famfo tiyo yana yi min tsiya wai hannun 'yan ofis kamar burodi. Kullum kuma in an ɗauko abin fesa ruwa sai in tuna ina da kira a waje.

Ran nan muna gyaran wata gaɓa ni da Iya, kanmu a haɗe, sai ta juyo da fuskarta gare ni.

"'Yar nan, abin kunnenki yana kuka."

Na kai hannu kan ɗankwalina.

"In kika sunkuya ɗankwalin ya danne shi sai ya yi fito. Siriri, kamar sauro. Tun ranar da kika shigo nake jin sa. Ke ba kya ji ko?"

Ba na ji. Shekara da shekaru ina yawo da fito a kaina ban sani ba. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata, sai na tuna ba ta ganinta. Na buɗe baki zan yi ƙarya, sai kawai gaskiya ta zubo: Umma, Mai Kemis, Yaya da abin sauraronta, da cewa ranar Asabar ta sama manyansa za su zo wurin Abba. Ta saurara hannunta bai daina shafa yumɓu ba.

"Ba zan ce miki ki faɗa ba, ba zan ce ki ɓoye ba. Ni tukwane na iya," in ji ta. "Amma akwai wani wuri mai taku biyu a can ƙasan rafin nan da babu mai shi. Kowa a nan ya gina wurin da ya sani. Ke ina kika sani?"

Na san wuri ɗaya. A bayan gidan kakata, kafin a rufe wannan ɓangaren, akwai wani faffaɗan dutse inda ruwa ke rabuwa biyu ya sake haɗuwa. Ranar da zazzaɓin ya kama ni a can na yini, ƙafata cikin ruwa, mata na buga wanki. Ƙarar ruwan nan a kan dutsen ita ce abu na ƙarshe da na ji da kunnuwana biyu, ba tare da batir ba. Kwana huɗu ina gina dutsen. A rana ta huɗu Iya ta ce kowa yana barin shaida a wurinsa: matar nan marar hannaye ta danna babban yatsan ƙafarta, Sarkin Famfo ya bi gaɓarsa da tayar kekensa. Na duba hagu da dama, na zare na'urata, na naɗe ta a 'yar leda, na danna ta a saman dutsen har ta zauna, na cire. Siffarta ta fito sarai, da lanƙwasarta da ɗan bututunta.

An sa ranar Alhamis da hantsi za a saki ruwa, a buɗe wa jama'a. Ranar Talata, ba tare da Yaya ta sani ba, na rubuta masa: "In kana da sarari jibi, ka zo ka ga aikin da nake zuwa." Amsa ta zo ta murya, daƙiƙa shida. Yaya ta saurara ta zare ido.

"Ya ce zai rufe kanti ya zo. Ya zo ina? Ke, me kika shirya?"

Kafin magariba magana ta kai kunnen Umma. Ta same ni a kicin ina goge yumɓun da ya maƙale a farcena.

"Wurin kurame za ki kai shi? Saura kwana huɗu manyansa su zo?"

"Aikin ofis ne, Umma."

"Ni na haife ki. Da ƙafata za a je, kuma ina gefenki. Kalma ɗaya ta fito daga bakinki, ni da ke ne." Ta kama haɓata, muryarta na rawa, ina ganin rawar a maƙogwaronta. "Ki rufa min asiri ki rufa wa kanki. Kwana huɗu kawai."

Ranar Alhamis ita ta zaɓa min kaya: leshi ruwan zuma, da ɗankwali mai kauri da ta ɗaura min da hannunta, ta ja shi ƙasa har gira, ta soka allura biyu. Yaya ta sa baƙar abaya, ta ƙi haɗa ido da ni tun daga gida har cikin mota.

Siton ya cika. Tsofaffi, 'yan kasuwa, har shugabana da babbar riga. Iya ta kafa dokarta a bakin ƙofa: da hannu aka gina rafin nan, da hannu za a gan shi. Duk baƙo sai an ɗaure masa ido da baƙin ƙyalle, a ba shi bakin wata 'yar igiya a hannun hagu, ɗaya daga cikin maginan ya riƙe ɗaya bakin ya ja shi, hannun dama kuma yana cikin rafi. Ba a kwancewa sai an kai ƙarshe. Umma ta ce ita ba mai rufe mata ido, ta ja Yaya suka tsaya jikin bango.

Sarkin Famfo ya ɗaga hannu, ya murɗa. Da farko babu komai. Sai wani siririn harshen ruwa ya leƙo daga sama, yana laluben hanya, ya zagaya dutse na farko, ya sauka matakalar wanki, ya cika wani gurbi ya tsaya kamar yana tunani, sannan ya tsallake. Hasken tagogin sama ya faɗo a kansa, sai ga rufin kwanon gaba ɗaya yana rawa da haske. Babu wanda ya tafa. Wani dattijo da aka fara ja, ido a ɗaure, ya kai hannu wata lanƙwasa ya tsaya, ya sake shafawa, ya ce da ƙarfi, "Nan na koyi iyo! Wallahi nan ne, ga ramin da ƙanena ya faɗa!" Ya fashe da kuka, ƙyallen ya jiƙe. Iya tana zaune a kujerarta, hannunta ɗaya cikin ruwa, tana murmushi kamar wadda baƙonta ya iso.

Sai ga Mai Kemis a bakin ƙofa, da shadda fara sol, yana haki don sauri. Ya gaida Umma har ƙasa. Ya kalle ni ya ce, "Ashe abin da kike ɓoye min ke nan." Na ji kamar ƙasa ta tsage. Aikin yake nufi.

Sarkin Famfo ya ɗaure masa ido yana cewa, "Ranka ya daɗe, naɗe hannun rigar nan, rafinmu ba ya sanin shadda." Ya miƙa masa igiya, ya miƙo min ɗaya bakin, ya kalli farantin silba, ya kalle ni.

Na zare allura ta farko. Na zare ta biyu. Na ɗaga gefen ɗankwalin da Umma ta ɗaura, a gaban shugabana da 'yan kasuwa da kowa, na ciro na'urata na ajiye a faranti, ta bakwai. Duniya ta ɗauke. Na hango Umma ta dafe ƙirji, bakinta yana kiran sunana, Yaya ta riƙe mata hannu.

Na ja igiyar. Ya biyo ni a hankali, yatsunsa cikin ruwa. Ina ganin bakinsa daga gefe yana ta magana, yana dariya, yana tambaya, ni kuwa ba na amsawa. Duk abin da yake ji yana zuwa min ta igiyar: in ya yi mamaki ta yi tauri, in ya saki jiki ta yi laushi. Muka wuce matakala, muka wuce saiwoyi, muka wuce tashar motar da Iya ta gina da ramin ruwa a ƙarƙashinta. Zuciyata tana bugawa har a haƙorana.

Muka iso dutsena. Ruwa ya rabu biyu a kansa ya sake haɗuwa, daidai yadda na sani. Hannunsa ya hau saman dutsen, ya wuce, ya dawo. Yatsansa ya shiga gurbin. Ya bi lanƙwasar. Ya bi ɗan bututun. Mutumin da ke sayar da batirinta, yake sa wa tsofaffi ita a kunne da hannunsa, ba ya buƙatar ido. Igiyar ta yi tauri.

"Nawa ne wurin nan," na ce. "Tawa ce. Ba na ji. Tun ina shekara tara ba na ji."

Ban san da wane ƙarfi na faɗa ba, don ba na jin muryata. Amma na ga kawuna sun juyo har daga ƙarshen sito, na ga Umma ta sulale ta zauna a kan wani bokiti. Ya ɗaga jiƙaƙƙen hannunsa zai cire ƙyallen. Iya, kamar ta san abin da zai yi, ta juyo daga kujerarta, na karanta a bakinta: "Ba a kwancewa sai ƙarshe."

Ya sauke hannun. Taku goma sha ɗaya suka rage, na ƙirga su. Bakinsa bai sake motsi ba. Kowane taku ina jiran igiyar ta faɗi ƙasa, kamar yadda na farko ya sake ta, kamar yadda na biyu ya sake ta. Ruwa yana bin yatsunsa, hannun shaddar ya warware ya jiƙe har gwiwa bai kula ba. Bai saki ba. Har muka kai inda rafin ke zubewa cikin babban baho, igiyar tana hannunsa, ya ma naɗa ta sau biyu a yatsa.

Ya kwance ƙyallen. Idonsa ya yi ja. Ya kalli kunnena da ke waje, tsirara, karo na farko. Ban ga ƙyama ba, wallahi na duba da kyau, na san kamanninta. Sai ya duba sama, ya matsa taku biyu zuwa inda hasken taga ke sauka, ya tsaya ya fuskance ni sosai, yadda duk mai hulɗa da irinmu ya san ana yi. Wani daɗi ya taso min har na ji jiri. Na ce a raina, Umma, kin gani? Kin gani?

Ya yi magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, don kada ko ɗaya ta ɓace min.

"Kunnenki ba komai ba ne a wurina."

Na gyaɗa kai, hawaye na zuba. Bai gama ba. Leɓensa na rawa, sai da ya danne shi da haƙori sannan ya ci gaba.

"Amma in ba kya ji a waya... maganar mahaifina. Wa na faɗa wa?"

Idona ne ya ci amanata, ya tafi da kansa jikin bango. Ya bi shi da kallo har inda Yaya take tsaye cikin baƙar abayarta, ta rufe baki da hannu biyu.

A lokacin ne ya saki igiyar.